Mushen Tsuntsu Manzo Ne

Manomi in ya fita gona da sassafe ya tarar da mushen hankaka a bakin kunya, abin da ya kan yi bai wuce ya sa hauya ya ture shi gefe ya ci gaba da aikinsa ba. In ya ga biyu ko uku, sai ya ce yara ne da danƙo, ko kuwa wani ya zuba guba. Amma akwai ƙasashen da in mutum ya ga haka sai ya buga waya ofis, a aiko ma'aikaci ya ɗauki mushen a kai ɗakin awo. Dalilin wannan wahala kuwa shi ne an gane akwai cututtukan da sauro ke ɗaukowa daga jikin tsuntsaye ya kai wa mutane da dawaki, kuma sau da yawa tsuntsayen ke fara mutuwa, makonni kafin mutum na farko ya kwanta. Wanda ya lura da tsuntsu, ya sami lokacin shiri. Wanda bai lura ba, sai a asibiti zai ji labari.

ASALIN CUTAR

Babbar cikin cututtukan nan ita ce wadda a ke kira zazzaɓin Yammacin Nilu. Ta sami sunan nan ne daga wani lardi na ƙasar Yuganda da ke yamma da kogin Nilu. A can ne cikin 1937 likitocin da ke binciken ciwon shawara suka ɗebi jinin wata mace mai zazzaɓi, suka tarar da wata ƙwayar cuta wadda ba su san ta ba. Ƙwayar irin wadda a ke kira bairas ce, watau ƙanƙanuwar da ko madubin likita na kullum ba ya iya nuna ta.

Cikin shekarun 1950 aka bi sawunta a ƙauyukan Masar. Aka ga yawancin manyan mutanen wurin sun taɓa kamuwa da ita tun suna yara sun warke, aka kuma gane tsakanin tsuntsaye da sauro ta ke zagayawa. A 1974 ta kwantar da dubban mutane a Afirka ta Kudu bayan damina mai ruwa da yawa. A 1996 ta auka wa ƙasar Romaniya a Turai, ta taɓa ƙwaƙwalwar kusan mutum 400, mutum 17 suka rasu. Duk wannan zamani Amurka ba ta san ta ba ko kaɗan.

YADDA TA KE YAWO

Gidan cutar nan jikin tsuntsu ne, abin hawanta kuwa sauro. Sauron da ke ɗaukarta ba shi ne mai kawo zazzaɓin nan da kowa ya sani ba. Wani ne da masana ke kira Kuleks, wanda ya fi son ƙwai cikin ruwa mai dauɗa, kamar na kwata da lambatu da tsohuwar taya, ya kuma fi cizo daga magariba zuwa asuba. In ya ciji tsuntsu mai cutar a jininsa, sai ƙwayar ta hayayyafa cikin cikinsa har mako ɗaya ko biyu, gwargwadon zafin gari, kana ta hau cikin miyaunsa. Daga nan duk tsuntsun da ya ciza ya ba shi. Tsuntsun nan kuma 'yan kwanaki jininsa na cike da ƙwayar, ko wane sauro ya sha ya ɗauka. Haka abin ke ta ninkuwa a bisa itatuwa, mutanen da ke zaune a ƙarƙashi ba su sani ba.

Sai sauro mai cutar ya yi yawa ƙwarai kana ta zubo kan mutane da dawaki. Su kuwa a jikinsu hanyarta ta ƙare, gama ƙwayar ba ta yawa cikin jininsu har wani sauro ya ɗauka ya kai gaba. Mai jinya ba ya ɗauka daga majinyaci, doki ba ya ba doki.

Cikin mutum 10 da suka kamu, wajen 8 ba su jin kome. Wajen ɗaya cikin 5 ya kan yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, wani har da ƙuraje, ya warke. Amma wajen mutum ɗaya cikin 150 cutar kan hau masa ƙwaƙwalwa ko laka, wuya ya sanƙare kamar mai sanƙarau, hankali ya gushe, ko ƙafa ta mutu kamar mai shan inna. Cikin waɗannan, wajen ɗaya cikin 10 ba ya tashi, tsofaffi kuwa su suka fi shan wuya. Doki in ta kama shi sosai ya kan yi tangaɗi, leɓe na rawa, ƙafafun baya su raunana har ya kasa tsayuwa, kuma wajen sulusin dawakin da suka kwanta ba su tashi. Akwai allurar rigakafi ta dawaki tun 2001. Ta mutane babu, maganin da ke kashe ƙwayar kuma babu, sai jinya.

ABIN DA YA FARU A NIYOK

Birnin Niyok na Amurka ne ya koya wa duniya darajar mushen tsuntsu, da tsada kuwa ya koya. Tun wajen watan Yuni na 1999, farkon lokacin zafinsu, mutanen unguwar Kwins suka fara ganin hankaki suna tangaɗi suna faɗuwa. Hankakan can baƙi ne ƙirin, ba shi da farin ƙirji irin na nan. Aka yi ta kwashe mushe ana zubarwa, wasu na zaton guba ce. Ba wanda ya kawo a ransa abin ya shafi mutane.

Ran 23 ga Agusta wata likita mai suna Deborah Asnis ta sanar da hukumar lafiya ta birnin cewa tana da majinyata tsofaffi masu zazzaɓi da ruɗewa da mutuwar jiki, irin da ba ta saba gani ba. Aka auna jininsu, farkon Satumba aka ba da sanarwa cewa wata tsohuwar cutar sauro ce ta Amurka, mai sunan birnin San Luwis. Aka shiga feshin maganin sauro, har da jirgi mai saukar ungulu.

To, a gidan namun daji na unguwar Buronkis akwai wata likitar dabbobi, Tracey McNamara, wadda aikinta shi ne fede abin da ya mutu ta gano dalili. Ta ga hankaki na mutuwa kewaye da gidan, sa'an nan tsuntsayen gidan kansu suka fara, har da mikiya. Da ta fede su sai ta ga jini cikin ƙwaƙwalwa, zuciya kuma ta lalace. Sai ta yi lissafi irin na makiyayi. Da annobar kaji ce ko murar tsuntsaye, da kaji da talotalo sun riga kowa, ga su kuwa lafiya lau. Da wata cutar dawaki ce da a ke da ita a gabashin Amurka, da jiminonin Ostareliya da ke gidan sun mutu, gama ba su jure mata, su ma ga su suna kiwo. Cutar San Luwis kuwa ba a san ta da kashe tsuntsaye ba. Ashe baƙuwa ce. Ta kuma ce ruwa ba ya tsami banza, tsuntsaye da mutane su riƙa mutuwa da ciwon ƙwaƙwalwa gari ɗaya lokaci ɗaya, lalle abu ɗaya ne.

Da fari masu kula da lafiyar mutane ba su ɗauki maganarta da nauyi ba, don a ganinsu sha'anin tsuntsu dabam, na mutum dabam. Ta aika da naman tsuntsayen ɗakin awon dabbobi na Gwamnati a jihar Ayowa, da wani na soja. Kafin ƙarshen Satumba aka tabbata ƙwayar Yammacin Nilu ce a jikin tsuntsayen, aka sake auna na mutanen, aka ga ita ce dai. Aka kuma ga ta yi kama ƙwarai da wadda ta kashe dinyar kiwo a Isra'ila cikin 1998.

A shekarar nan an tabbatar da mutum 62 sun yi ciwo, 7 sun rasu. Da aka bi gida gida ana aunawa a Kwins, aka kimanta wajen mutum 8,000 ne suka kamu. Abin lura shi ne, tsakanin faɗuwar hankaki na farko da kwanciyar mutane akwai kusan wata biyu. Manzo ya iso da wuri, ba a karɓi saƙonsa ba.

Daga nan cutar ta bazu. A 2001 aka same ta a mushen tsuntsaye a Kanada, mutanen can kuwa sai 2002 ta taɓa su. A 2002 Amurka ta ƙirga mutum 4,156 da suka yi ciwo, 284 suka rasu, dawaki kuma wajen 15,000 suka kamu. A 2003 aka ƙirga mutum 9,862, cutar kuma ta kai Kalifoniya a bakin tekun yamma, watau ta ratsa ƙasar duka cikin shekara 4. Kusan ko ina ta shiga, mushen hankaka ne ya fara shelarta.

YADDA A KE AIKIN

Dalilin da ya sa hankaka ya zama mai shela a fili ya ke. An sami ƙwayar a jikin tsuntsaye fiye da iri 300, amma da yawa su kan ɗauka su warke, ba mai ganewa. Hankakan Amurka da danginsa kuwa kusan duk wanda ya kamu ya kan mutu cikin mako guda. Ga shi babba, ga shi baƙi, ga shi mai zama kusa da mutane, mushensa ba ya ɓoyuwa kamar na gwara.

Aikin hawa uku ne. Na farko na jama'a ne. Duk wanda ya ga mushe, manomi ne ko ɗan makaranta, sai ya buga waya ko ya aika ta intanet, ya faɗi irin tsuntsun, da inda ya gan shi, da ranar, da ko akwai rauni a jikinsa. Ko ba a zo an ɗauka ba, labarin kansa yana da amfani, gama ko wane rahoto ana ɗiga shi a taswira. In ɗigo ya fara taruwa a unguwa ɗaya fiye da yadda aka saba, an san wuta ta kama a nan.

Na biyu na ma'aikata ne. Ba ko wane mushe a ke aunawa ba, sai sabo, wanda bai wuce kwana ɗaya ba, bai yi wari ba, tsutsa ba ta shige shi ba, don zafi na lalata ƙwayar. A kan sa safar hannu, ko a sa hannu cikin leda a kama tsuntsun a juyo ledar a kansa, a ƙulle, a ƙara wata leda, a ajiye cikin ƙanƙara. A ɗakin awo a kan goga auduga cikin bakinsa, ko a yanki ƙoda ko ƙwaƙwalwa, cikin 'yan kwanaki a san ko cutar ce ta kashe shi.

Na uku shi ne abin da a ke yi da labarin, shi ne kuwa ya fi duka. In an tabbata, sai a kafa tarkon sauro a unguwar a auna sauron kansa. A bi kwatoci da ramuka a zuba maganin da ke kashe 'ya'yan sauro tun suna cikin ruwa. In abin ya yi tsanani a yi feshi da dare. A gargaɗi jama'a su zubar da ruwan da ya kwanta, su rufe jiki da magariba. A gaya wa masu dawaki su yi allura, a kuma sanar da likitoci, don in tsoho ya zo da zazzaɓi da ruɗewa su san abin da za su nema. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna gundumar da aka sami mushe mai cutar tun farkon lokacin zafi, ta fi sauran hatsarin samun mutane masu ciwo kafin lokacin ya ƙare. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, wadda za ta yi muni ma haka.

KAJI MASU GADI

Akwai wata dabara kuma da ba ta jiran mutuwa. Kaza in sauro ya ba ta cutar nan ba ta ciwo, ƙwayar ba ta yawa cikin jininta har ta ba wani, amma jinin na riƙe alamar cewa ta taɓa kamuwa. Saboda haka a kan ajiye 'yan kaji kaɗan cikin keji a wurare dabam dabam, ko wane mako ɗaya ko biyu a ɗebi ɗan jininsu a auna. Ran da alamar ta bayyana, an san sauron wurin na ɗauke da cutar. Jihar Fulorida ta fara wannan tun 1978 saboda cutar San Luwis, Kalifoniya ma tana yi, haka Ostareliya domin wata cutar sauro tasu.

INDA DABARAR TA GAZA

Kada a ɗauka dabarar mushe ba ta da aibi. Tana bukatar ido, don haka ta fi aiki a gari, a daji kuwa tsuntsu ya mutu dila ya cinye ba wanda ya gani. Tana bukatar himmar jama'a, wadda ta kan yi zafi shekarar da a ke tsoro, ta huce bayan an saba. Hankakin kansu sun ragu, a wasu yankuna har kusan rabi, masu shela suka yi ƙaranci. Sa'an nan tsuntsu na da fiffike, inda ya faɗi ba lalle nan ya kamu ba. Ga kuma yawan mushen da ba cutar ce ta kashe su ba, sai mota ko kyanwa ko guba.

Don haka bayan cutar ta zauna daram a Amurka, jihohi da yawa suka rage awon mushe suka fi dogara ga awon sauro. Wasu, kamar Kalifoniya, suka riƙe duka biyu. Darasin shi ne mushe ya fi amfani wajen gane shigowar baƙuwar cuta wurin da ba a san ta ba, ko farkon tashinta a shekara.

Turai ta tabbatar da haka. A 2001 wani baƙin tsuntsun lambu mai rawayan baki ya yi ta mutuwa a birnin Biyana na Ostiriya. Da aka auna sai aka sami Usutu, 'yar'uwar Yammacin Nilu, wadda aka fara gani a kudancin Afirka cikin 1959. Aka koma kan naman tsuntsayen da suka mutu a Italiya cikin 1996 wanda aka adana, aka ga ashe tun sa'an nan ta shigo. A Jamus kuma, wata mujiya da ta mutu a gidan namun daji cikin 2018 ita ta fara nuna Yammacin Nilu ta iso ƙasar, shekara guda kafin a tabbatar da sauron can ya ba mutum.

ABIN DA YA SHAFI MANOMIN ƘASAR NAN

Cutar nan 'yar Afirka ce, a Nijeriya ma an auna jinin mutane da na dawaki an ga alamar sun taɓa kamuwa. Sauron Kuleks kuwa ba baƙo ba ne ga duk mai kwata a ƙofar gida. Sai dai tsuntsayen Afirka sun daɗe tare da ƙwayar, ba su cika mutuwa da ita kamar hankakan Amurka ba. Saboda haka rashin ganin mushe a nan ba shaidar babu cutar ba ne. Mai zazzaɓin da ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji sauƙi ba, balle in wuya ya sanƙare ko hankali ya fara gushewa, a gaggauta kai shi asibiti. Doki mai tangaɗi kuma a kira masa likitan dabbobi.

Duk da haka mushen tsuntsu a nan ma manzo ne, ko da saƙon da ya ke ɗauke da shi dabam ne. Cikin Fabrairu 2006 mutuwar kaji a wata gona a jihar Kaduna ce ta bayyana muguwar murar tsuntsaye ta shigo Afirka. Wannan ba sauro ke kawo ta ba, taɓa tsuntsun kansa ke ba mutum, don haka ta fi hatsari ga mai ɗaukar mushe. Fadamun Haɗeja da Nguru kuma ko wace shekara suna saukar baƙin tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Asiya. Ido ba ya rarrabe wanda mura ta kashe da wanda annobar kaji ko maganin feshi ya kashe. Wannan aikin ɗakin awo ne, irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato.

To, ga abin da ya kamata. In an ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya cikin 'yan kwanaki, na gida ne ko na daji, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a bar yara su yi wasa da su, kada a fige a ci, kada a jefa wa kare ko a wurga cikin kududdufi. Kada kuma a kwashi sauran kajin a ruga kasuwa da su, wannan shi ne raba wa maƙwabta masifa. A lura da irin tsuntsun da yawansu da ranar da aka fara gani, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, a kai labari ga malamin dabbobi ko malamin gona ran nan, kada a bari sai ran kasuwa. In ma'aikata ba su bukatar mushen, a sa shebur a binne shi da zurfi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu.

Sauro kuwa, yaƙinsa ɗaya ne ko wace cuta ya ɗauko. A buɗe kwata ruwa ya wuce, a cike ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, a kife tsofaffin tukwane da gwangwanaye, a sauya ruwan kaskon kaji da na kwamin dawaki a kai a kai, a kwana cikin gidan sauro. Malamin dabbobi da malamin asibiti kuma su riƙa gaya wa juna abin da suka gani, gama rashin wannan ne ya jinkirta gane cutar a Niyok. Rigakafi dai ya fi magani, balle ga cutar da ba ta da maganin.